FASHIN BAƘI: Shayin rage ƙiba da tumbi: Shin yana aiki, me ke cikinsa, wa ya tantance shi?

Shekaru kaɗan da suka wuce, abin da aka fi raɗe-raɗinsa a kemis-kemis na unguwa shi ne "sha-ka-fashe", wato ƙwayoyin da 'yan mata ke haɗiya domin su yi ƙiba. Wannan kasuwa ba ta mutu ba, sai dai ta samu kishiya. A yau da wuya mutum ya leƙa WhatsApp, TikTok ko Instagram bai ci karo da tallar shayi, gari ko ƙwayar rage ƙiba ba. Haka abin yake a shagunan magungunan gargajiya da na Musulunci, da kuma motocin da ke yawo da lasifika a tashoshi da bakin kasuwa.

Masu saye sanannu ne: mai jegon da ta yi arba'in cikinta bai koma ba, amaryar da ranar biki ta ƙarato, da magidancin da likita ya ce ya rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga. Alƙawarin da ake yi musu kusan iri ɗaya ne: tsantsar ganye ne, ba ya da illa, yana narkar da kitse cikin kwanaki, kuma ba sai an rage tuwo ko an motsa jiki ba.

Damuwar masu sayen ba ta banza ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta wuce kima, wadda ke share fage ga hawan jini, ciwon suga da cutukan zuciya. Sai dai kafin a miƙa kuɗi, akwai tambayoyi uku da masu talla ke cakuɗa su wuri guda, alhali kowace na da amsarta daban: Shin maganin yana rage kitse? Mene ne ainihin abin da ke cikinsa? Wace hukuma ce ta duba shi, kuma me ta duba?

Me ke sauka a kan sikeli?

Sikeli ba ya bambance kitse da ruwa. Duk abin da ke jikin mutum yake aunawa, har da abincin da bai gama narkewa ba. A kan wannan gaɓa ce yawancin shayin rage tumbi ke cin kasuwarsa.

Da yawa daga cikin irin wannan shayi na ɗauke da ganyen senna, dangin filaskon da iyayenmu suka daɗe da sani a matsayin maganin wankin ciki. Wasu kuma ana haɗa su da tsirran da ke sa yawan fitsari. Wanda ya kwana yana zirga-zirga tsakanin ɗaki da banɗaki zai wayi gari cikinsa a lafe, sikeli ma zai iya nuna ya sauke kilo ɗaya ko biyu. Amma ruwa ne da bahaya suka fita, kuma da zarar ya ci ya sha, nauyin zai dawo inda yake.

Dalili kuwa shi ne, jiki na tsotse amfanin abinci ne a ƙaramin hanji, shi kuwa filasko a babban hanji yake aikinsa, bayan an riga an gama kwashe maiƙo da suga. Abin da yake fitarwa da gaske shi ne ruwa da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke dogaro da shi wajen daidaita bugawarta. Shi ya sa likitoci ba sa son a wuce mako guda ana shan senna ba tare da shawararsu ba. Ga mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma, gudawa mai tsanani na iya rage ƙarfin ƙwayar.

Akwai wani ɗan lissafi da kowa zai iya yi da wayarsa. Kilo ɗaya na kitsen jiki na ɗauke da kalori kusan 7,700. Mace baliga na ƙona kusan kalori 2,000 a rana. Idan talla ta ce za a sauke kilo 10 cikin mako biyu, ana nufin jiki zai ƙona kalori 77,000 cikin kwana 14, wato 5,500 kowace rana. Ko da matar ta daina cin abinci ɗungurungum a tsawon kwanakin, ba za ta kai rabin wannan adadi ba. Saboda haka duk abin da ya sauka da irin wannan gaggawa, akasarinsa ba kitse ba ne.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Hanyar da masana suka aminta da ita wajen gane ko magani na aiki ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A bai wa kashi ɗaya maganin, a bai wa ɗaya kashin ƙwayar wofi mai kama da shi sak, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Bambancin da aka samu tsakanin ɓangarorin biyu bayan watanni shi ne aikin maganin na haƙiƙa.

A shekarar 2020, masu bincike a Jami'ar Sidni da ke Ostireliya sun tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 54 da aka yi kan magungunan tsirrai na rage ƙiba, waɗanda suka ƙunshi mutum fiye da 4,000. Ma'aunin da suka gindaya shi ne maganin ya zarce ƙwayar wofi da aƙalla kilo biyu da rabi kafin a ce yana da amfani ga lafiya. Cikin tsirran da aka fi gwadawa, babu wanda ya kai wannan matsayi. Farin wake ne kaɗai ya nuna bambancin da za a iya ƙirgawa, shi ma bai kai kilo biyu ba. Sun kuma lura cewa da yawa daga cikin gwaje-gwajen ƙanana ne, ko kuma tsarinsu na da rauni.

Garcinia cambogia, wani ɗan itace daga kudancin Asiya da sunansa ke jikin kwalabe da dama a kasuwanninmu, an gwada shi tun 1998 a kan mutum 135 na tsawon mako 12 a Amurka. Waɗanda suka sha shi ba su fi waɗanda suka sha ƙwayar wofi raguwa ba. Shi ma koren shayi, nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2012 ya nuna cewa abin da yake ragewa bai taka kara ya karya ba.

Labarin ɗanyen kofi kuwa darasi ne ga duk mai jin an ce "bincike ya tabbatar". A 2012 an wallafa wani nazari da ya ce yana rage ƙiba sosai, gidajen talabijin na Amurka suka yayata shi, kasuwarsa ta buɗe a duniya. Mutum 16 kacal aka yi gwajin a kansu. A 2014 marubutan suka janye nazarin bayan sun kasa tabbatar da sahihancin alƙalumansa, kamfanin da ya ɗauki nauyinsa kuma ya amince ya biya dala miliyan 3.5 ga hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC. Har yau ana tallar ɗanyen kofi kamar ba a yi komai ba.

Wannan ba ya nufin citta, lemun tsami, kirfa, zogale ko zoɓo abubuwan ƙi ne. Abinci ne da kayan ƙamshi masu amfani, kuma wanda ya maye gurbin lemun kwalba da zoɓo marar suga tabbas ya rage wa jikinsa kaya. Amma a nan rage suga ne ya yi aikin, ba wai zoɓon ne ya narkar da kitse ba.

Wanda ya yi aiki da sauri shi ne abin tsoro

Wani zai ce ai ya ga wadda ta sha ta rame da idonsa. Hakan na faruwa, kuma nan ne haɗarin ya fi girma, domin ba kasafai ganyen da aka rubuta a kwali ke yin wannan aiki ba.

Akwai wani maganin asibiti mai suna sibutramine, wanda ke kashe sha'awar abinci. Likitoci sun yi shekaru suna rubuta shi, har sai da wani gwaji a kan mutum kusan 10,000 masu haɗarin ciwon zuciya ya nuna cewa yana ƙara yiwuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin ɗari. A 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka. Sai dai bai ɓace ba, ya koma cikin shayi, kofi da ƙwayoyin da ake rubuta wa "tsantsar ganye".

Wani nazari da mujallar JAMA Network Open ta wallafa a 2018 ya bi diddigin kayayyakin ƙarin lafiya 776 da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta gano an cusa musu magungunan asibiti a ɓoye tsakanin 2007 da 2016. Daga cikinsu 317 na rage ƙiba ne, kuma an samu sibutramine a kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗannan. A wasu kuma an samu phenolphthalein, wani tsohon maganin wankin ciki da aka daina amfani da shi saboda fargabar yana haddasa kansa.

Alamomin sibutramine sanannu ne: bushewar baki, rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba da saurin bugawar zuciya, da jin ƙyamar abinci. Abin takaici, waɗannan alamomi ne dillalai kan fassara wa mai saye da cewa maganin ya karɓe shi. Ga mai hawan jini, wanda kuma shi ne ya fi neman rage ƙiba, wannan wasa da rai ne. Babu mai iya gane sinadarin da ido, ɗanɗano ko shinshinawa, sai an kai ɗakin gwaji.

"Ai ganye ne, ba ya illa"

Ko da ba a yi algus ba, kasancewar abu tsiro ba ta wanke shi. Bahaushe ya san zaƙami, ya san tunya, kuma dukansu daga ƙasa suke fitowa.

A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a birnin Brasels na ƙasar Beljiyam ya ƙara wasu saiwoyin ƙasar Sin a cikin haɗin da yake bai wa mata. An yi kuskure wajen sayo kayan: maimakon Stephania tetrandra, sai aka kawo Aristolochia fangchi, domin sunayensu na kama da juna a harshen Sinanci. Mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda, da yawansu suka koma kan wankin ƙoda ko dashe. A shekarar 2000, likitoci sun bayyana cewa cikin 39 da ƙodarsu ta mutu aka yi musu tiyata, an samu kansar hanyar fitsari a jikin 18. Wannan ba labarin nesa ba ne kawai, domin dangin tsiron na fitowa a ƙasar Hausa, shi ne duman dutse. Darasin shi ne, idan asibiti a Turai zai iya ruɗewa tsakanin saiwa da saiwa, ina ga garin da aka daka aka ƙulla a leda ba suna?

A Amurka, tsiron ephedra ya yi tashe wajen rage ƙiba, kuma yana ɗan ragewa, amma yana tayar da hawan jini da bugun zuciya. Bayan mutuwar wani ɗan wasa mai shekara 23, Steve Bechler, a 2003, da tarin rahotannin illa, FDA ta haramta shi a 2004. A 2009 an janye kayayyakin Hydroxycut daga kasuwa bayan rahotanni 23 na lalacewar hanta, ciki har da mutuwar mutum guda. Hatta koren shayi, wanda shan sa a kofi ba shi da matsala ga yawancin mutane, idan aka tace shi aka dunƙule a ƙwaya labarin na canzawa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa shan miligiram 800 ko fiye na sinadarinsa mai suna EGCG a rana na da alaƙa da alamun rauni a hanta.

Me lambar NAFDAC ke nufi?

Babbar hujjar mai talla a Najeriya ita ce "yana da lambar NAFDAC". Lambar na da muhimmanci, amma ya kamata a san iyakarta.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, na da matakai biyu ga magungunan gargajiya. Na farko shi ne sanya magani a jerin wucin gadi na tsawon shekara biyu, bayan an duba wurin da ake haɗa shi, an kuma yi gwajin guba da na tsabta a kan samfurin da aka kawo. Irin wannan lamba na ƙarewa da harafin L. A wannan mataki hukumar ba ta ce maganin yana aiki ba, shi ya sa take wajabta rubuta wata jimla da Turanci a jikin kwalin, mai cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Mataki na biyu shi ne cikakkiyar rajista ta shekara biyar, wadda ke buƙatar gwaji a kan mutane domin tabbatar da aikin maganin. Akasarin magungunan gargajiya a mataki na farko suke tsayawa.

Ke nan lamba mai L na nufin samfurin da aka kai wa hukuma bai nuna guba ba a lokacin da aka gwada shi. Ba ta nufin yana rage ƙiba, ba ta kuma da tabbacin cewa abin da ke cikin kwalbar yau shi ne wanda aka kai gwaji bara. Ban da haka, ana iya buga lambar bogi, ko a ari ta wani kaya daban, ko a ci gaba da amfani da wadda wa'adinta ya ƙare. Hukumar na da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook, inda ake duba rajistar magunguna, kuma ana iya tuntuɓar ofishinta na jiha. A tabbata sunan kaya da na kamfani sun dace da lambar. Ita ma tallar magani sai da izinin hukumar ake yin ta a bisa doka, abin da ke da wuyar sa ido a kai a shafukan sada zumunta.

Kayan da aka shigo da su daga waje ma ba su tsira ba. A ƙarƙashin dokar Amurka ta 1994, kayayyakin ƙarin lafiya ba sa buƙatar amincewar FDA kafin su shiga kasuwa, hukumar kan shigo ne bayan an samu matsala. Don haka duk kwalbar shayin rage ƙiba da aka rubuta wa cewa FDA ta amince da ita, ta fara da ƙarya tun daga kwali.

Hotuna da shaidar masu amfani

Hoton "kafin" da "bayan" ba hujja ba ce. Tsayuwa, haske, ɗamarar ciki da manhajar gyaran hoto sun isa su haɗa shi cikin minti biyar. Saƙonnin godiya da ake ɗorawa a WhatsApp kuwa mai kaya ne ke zaɓar su, kuma ba zai ɗora na wadda aka kwantar a asibiti ba. Ko da shaidar gaskiya ce, yawancin masu sayarwa kan ba da sharaɗin a daina cin dare, a rage shinkafa, a bar lemun kwalba. Wadda ta bi sharaɗin za ta ragu ko ba shayi, amma shayin ne zai sha yabo. Jaruman finafinai da masu tashe a TikTok kuma biyan su ake yi, kuma ba su ne za su biya kuɗin wankin ƙoda ba.

Abin dubawa kafin a saya

Na farko, iƙirarin. Duk maganin da ya ce zai yi aiki ga kowa da kowa, ko ba tare da canza cin abinci ba, ko zai narkar da kitsen tumbi shi kaɗai, ko ƙibar ba za ta taɓa dawowa ba, ko kuma man shafawa ne ko ɗamara da ke fitar da kitse ta fata, ya faɗi abin da ba ya yiwuwa. Haka wanda ke rage ƙiba, ya warkar da basir, sanyi, suga da rashin haihuwa a kwalba guda.

Na biyu, kwalin. A nemi sunan kowane tsiro da adadinsa, sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar haɗawa da ranar lalacewa. Idan an ce sirrin gida ne, to a bar musu sirrinsu.

Na uku, mai shan. Mai juna biyu, mai shayarwa, yara, da masu ciwon zuciya, ƙoda, hanta, hawan jini ko suga, bai kamata su taɓa irin waɗannan kayayyaki ba sai da sanin likita, domin suna iya cin karo da magungunan da suke sha. Wanda kuma ya riga ya fara, idan ya ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, ƙafafunsa sun kumbura, zuciyarsa na dukan uku-uku, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ya dakata nan take ya nufi asibiti da kwalbar a hannunsa. Ɓoye wa likita abin da aka sha na jinkirta gano cutar. Ana kuma iya kai rahoton illar ga NAFDAC ta manhajar Med Safety, domin a ceci na baya.

To me ke aiki?

Ba gaba ake yi da tsirrai ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau daga wani nau'in tazargade aka samo shi, har masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta samu lambar yabo ta Nobel a kansa a 2015. Bambancin shi ne an tace shi, an auna shi, an gwada shi a kan dubban mutane. Haka ake so a yi wa duk ganyen da aka ce yana rage ƙiba.

Magungunan rage ƙiba da suka bi wannan hanya suna nan. Allurar semaglutide, a gwajin da aka wallafa a 2021 kan mutum 1,961, ta rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyin jiki cikin mako 68. A lura da tsawon lokacin: fiye da shekara guda, a ƙarƙashin kulawar likita, tare da gyaran abinci. Tana da tsada, tana da nata illolin, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Idan maganin da aka kashe biliyoyi a kansa na buƙatar watanni 16, shayin da ya yi alƙawarin mako biyu ya kamata ya ba da bayani.

Ga mafi yawan mutane, hanyar ba ta canza ba. Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce wadda masana ke ganin tana ɗorewa, kuma sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya sassauta hawan jini da suga. Wani gwaji a Amurka kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin ɗari. A aikace, wannan na nufin rage malmalar tuwo a ƙara ganye da wake, rage mai a miya, rage suga a shayi, kunu da fura, da tafiyar rabin awa sau biyar a mako. Wanda ba shi da sikeli ya samu igiya ya auna tsayinsa, ya ninka ta biyu: idan ba ta zagaye ƙugunsa ba, akwai aiki a gabansa. Wanda kuma ƙiba ta zo masa bagatatan, ko yake shan wani magani na dogon lokaci, ya fara da ganin likita, domin wasu cutuka da magunguna kan haddasa ta.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shayin da ba ya aiki kuɗi kawai zai ci. Wanda ya yi aiki cikin kwana uku kuwa, kafin a yi murna a tambayi abin da aka zuba a ciki, kada garin gyaran gira a rasa ido.